Taimako dan Allah: Ubuntu ta ƙi shiga intanet sai na zare kebul ɗin ɗakin kwamfuta

Ɗan Anguwar Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu harkar Linux a duba min wannan matsala, abin ya tsaya min a rai sosai.

Ni nake kula da wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta nan Jos wajen hanyar Bauchi, yara na zuwa suna gwajin jarrabawar JAMB irin ta kwamfuta kafin lokacin ta gaske ya zo. Muna da saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, mai Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux), a kanta aka ɗora Moodle, manhajar koyarwa da jarrabawa, inda tambayoyin suke. Tana da ramin kebul biyu. Na farko wato enp2s0 ya tafi swic ɗin ɗakin yara, adireshinsa a kafe yake 192.168.1.10, kuma a kan wannan swic ɗin akwai tsohuwar rawuta mai 192.168.1.1 wadda take raba wa kwamfutocin yara adireshi. A da ita ce ke kawo mana intanet amma mun daina biyan wancan layin, mun dai bar ta saboda rabon adireshin. Yanzu na sayo rawutar 4G mai sim na soka ta a rami na biyu enp3s0, ita kuma tana ba da 192.168.8 da wani abu. Da gangan na yi haka, sabar kaɗai nake so ta samu intanet, ba na so yara su shiga su cinye data ko su riƙa neman amsa a Google lokacin gwaji.

To tun ranar da na haɗa, in na buga `sudo apt update`, umarnin da ke sauko da jerin sababbin manhajoji daga intanet, sai ya tsaya yana ta juyi, can ya ce `Could not connect to ng.archive.ubuntu.com:80` da wata lambar IP a gaba, wai lokaci ya ƙare. Na tambaya aka ce min ai DNS ne, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa lambar IP, in buɗe `/etc/resolv.conf` in sa 8.8.8.8. Na sa, bai yi ba, da aka ɗauke wuta sabar ta mutu na sake kunnawa sai na ga fayil ɗin ya koma 127.0.0.53 da kansa. Aka ce in kulle shi da `chattr +i`, shi ma ya ƙi, wai `Operation not supported`. Daga nan aka ce in goge fayil ɗin gaba ɗaya in ƙirƙiri sabo sannan in kulle, wannan karon ya kullu, amma yanzu saƙon ya canza ya koma `Temporary failure resolving`.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne in na zare kebul ɗin ɗakin yara, nan take komai yana aiki, apt ya sauke abinsa lafiya lau. Ina mayar da shi sai ya sake tsayawa. Kuma sim ɗin akwai data, wayata a kan wayarles ɗin rawutar take tana aiki.

Sai matsala ta biyu, wasu tsofaffin kwamfutocin na sa musu Linux Mint saboda Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro tun Oktoban 2025 kuma ba za su iya ɗaukar 11 ba. Masu Windows in an rubuta jarrabawa.local shafin yana buɗewa, masu Mint kuwa sam, sai an rubuta lambar. Yaran da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ka ce ya haddace 192.168.1.10 abin da wuya wallahi. Ranar Asabar akwai sabon rukuni da za su fara. Na gode.

Abba Gwarinpa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Oga wannan systemd-resolved ɗin ne kawai, manhajar da ke kula da DNS a Ubuntu, ya cika shisshigi. Ni duk sabar da na taɓa abu na farko kashe shi nake, `systemctl disable --now systemd-resolved`, in rubuta resolv.conf da hannuna in kulle shi shikenan. Gwada 1.1.1.1 a maimakon 8.8.8.8 ka gani, wani lokacin ɗaya ya fi ɗaya sauri a layukanmu. Na Mint ɗin kuma ka sa sunan a `/etc/hosts` na kowacce kwamfuta ka huta.

Maman Ilham Wuse ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Dakata tukuna kar ka kashe komai. Abba ka yi haƙuri amma ko 1.1.1.1 ya sa ko 9.9.9.9 duk ɗaya ne, domin tun farko ba DNS ba ne ke damunsa.

Ka koma ka sake karanta saƙon farko da apt ya ba ka. Ka ce ya rubuta sunan ng.archive.ubuntu.com sannan da lambar IP a gabansa. To daga ina ya samo lambar? Aikin DNS kenan gaba ɗaya, ka ba shi suna ya ba ka lamba, kuma ya riga ya yi aikinsa ya gama. Abin da ya gagara shi ne isa wajen lambar. A lokacin resolved yana tambayar rawutar 4G ɗinka kai tsaye a 192.168.8.1, ita kuma a jikin sabar take ba sai an bi ta wata ƙofa ba, shi ya sa yake samun amsa. Da ka goge fayil ɗin ka sa 8.8.8.8 sai ya zama ita kanta tambayar sunan dole ta fita waje zuwa Google, kuma ta bi hanyar da ta lalace, shi ne saƙon ya juya ya koma na DNS. Wato shawarar da aka ba ka ita ta haifo matsala ta biyu a kan ta farko.

Kamar mutum ne a Taminus riƙe da takarda mai cikakken adireshin gidan da za shi a Bukuru, amma ya shiga motar da aka cire wa injin ya zauna. Ko sau nawa aka sake rubuta masa adireshin ba inda za shi.

Zare kebul da kake yi komai ya gyaru shi ne babbar shaida. Ina kyautata zaton kana da ƙofar fita, wato gateway, rawutar da ake bi a fita intanet, guda biyu, kuma tsohuwar rawutar ce ke cin nasara. Turo mana sakamakon waɗannan, kebul duka biyu a soke:

`ip -br addr`
`ip route`
`ip route get 8.8.8.8`
`cat /etc/netplan/*.yaml`

Kuma dan Allah ka kwafo rubutun, kar ka ɗauki hoton allo da waya, ba a iya karantawa.

Ɗan Anguwar Rogo ya rubuta:

Anti na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ga na `ip route`:

```
default via 192.168.1.1 dev enp2s0 proto static
default via 192.168.8.1 dev enp3s0 proto dhcp src 192.168.8.100 metric 100
192.168.1.0/24 dev enp2s0 proto kernel scope link src 192.168.1.10
192.168.8.0/24 dev enp3s0 proto kernel scope link src 192.168.8.100 metric 100
```

Na `ip route get 8.8.8.8` kuma ya ce `via 192.168.1.1 dev enp2s0`. A fayil ɗin netplan, inda Ubuntu ke ajiye saitin netwok, sunansa `00-installer-config.yaml`, ƙarƙashin enp2s0 akwai adireshin da `gateway4: 192.168.1.1` da nameservers shi ma 192.168.1.1, ƙarƙashin enp3s0 kuma `dhcp4: true` ne kawai. Ni dai na ɗauka tunda na 4G ɗin yana da 100 wancan ba shi da komai, shi ne zai fi ƙarfi.

Maman Ilham Wuse ta rubuta:

Yauwa ga shi nan ƙuru-ƙuru. A wannan lissafin ƙaramar lamba ce ke gaba, metric tsada yake nufi ba ƙarfi ba, kuma layin da ba a rubuta masa komai ba sifili ne. Don haka duk wani fakiti da zai fita waje sabar tana miƙa wa tsohuwar rawutar ne, ita kuma babu komai a bayanta sai ta zubar. In ka zare kebul ɗin, networkd, manhajar da ke kula da ramukan kebul ɗin, ya ga layin ya mutu sai ya cire adireshin da hanyarsa, ya rage saura na 4G shi kaɗai, shi ya sa kake ganin ya warke.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne katin netwok da ke kallon cikin gida, wato enp2s0 ɗinka, ba ya buƙatar ƙofar fita ko kaɗan. Dubi layi na uku a abin da ka turo, shi kaɗai ya isa sabar ta yi magana da duk kwamfutar da ke 192.168.1 kai tsaye ta swic. Ƙofar fita ta wuraren da ba ka san hanyarsu ba ce, kuma guda ɗaya ake so, wadda intanet ke bayanta. Gyara fayil ɗin ya koma haka:

```
network:
  version: 2
  ethernets:
    enp2s0:
      addresses:
        - 192.168.1.10/24
    enp3s0:
      dhcp4: true
```

Shikenan, `gateway4` da nameservers na tsohuwar duk su fita. Ka kula da tazarar farkon layi, YAML ba ya yarda da maɓallin tab, sarari za ka riƙa bugawa kuma su daidaita, kuskuren sarari ɗaya sai ya ƙi karantawa. Sannan kar ka yi gaggawar `netplan apply`, musamman in daga nesa ka shiga ta SSH. Buga `sudo netplan try`, zai ɗora sabon tsarin ya jira ka danna Enter, in daƙiƙa 120 suka wuce ba ka danna ba ya mayar da tsohon da kansa. Na san abin da ake ji in mutum ya kulle kansa a waje sabar kuma tana wani gari, wannan umarnin don irin haka aka yi shi. In ya yi ƙorafin cewa izinin fayil ya yi faɗi da yawa, `chmod 600` a kansa zai yi shiru. Shi `gateway4` ɗin ma dama an daina ba da shawarar amfani da shi, duk ranar da kake buƙatar ƙofar fita a kafe za ka rubuta `routes` ne da `to: default` da `via`.

Bayan haka ka mayar da resolv.conf yadda yake. Asalinsa a Ubuntu ba fayil ba ne, mahaɗi ne da ke nuni zuwa wani fayil a `/run`, shi ya sa `chattr` ya ƙi ka da farko, kuma shi ya sa rubutunka ke ɓacewa, don `/run` a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, ana kashe na'ura ya goge a sake rubuta shi.

`sudo chattr -i /etc/resolv.conf`
`sudo ln -sf /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf /etc/resolv.conf`

127.0.0.53 ɗin da ya ba ka tsoro ba ɓaraka ba ce, resolved ne ke zaune a cikin na'urarka yana karɓar tambaya ya miƙa gaba. In kana so ka ga wa yake miƙa wa, `resolvectl status`, za ka ga 192.168.8.1 ƙarƙashin enp3s0. In kuma ka fi son na Google ko na Cloudflare sai ka rubuta su a netplan ƙarƙashin enp3s0, nan ne wurinsu, ko an ɗauke wuta sau goma suna nan.

Gwajin kuma bi da bi za ka yi shi. Fara da ping zuwa 192.168.8.1, in ya amsa ka tafi 8.8.8.8, sai wannan ya amsa sannan ka gwada suna da `resolvectl query ubuntu.com`. Duk inda ya tsaya a cikin ukun nan ne ciwon yake.

Abba Gwarinpa ya rubuta:

Gaskiya Hajiya kin gano ta, ban lura da maganar zare kebul ɗin ba. Amma ni har yanzu a kan saba mai zama wuri ɗaya ban ga amfanin resolved ba, fayil mai layi biyu da kowa zai iya karantawa ya fi min sauƙi. A laftof da ke yawo daga wayarles zuwa wayarles ko mai VPN na yarda yana da amfani.

Maman Ilham Wuse ta rubuta:

Ba laifi ba ne Abba, Debian ma a shigarwar saba ba ta zuwa da shi a kunne kuma tana aiki lafiya. Abin da ba na so shi ne kullewa da `chattr`. Watarana kai ba ka nan, an canza layi ko an kawo sabuwar rawuta, wanda ya gaje ka zai yi ta ƙoƙarin gyara fayil a matsayin root, mai cikakken iko a kan na'urar, ana ce masa ba shi da izini, `ls -l` kuma ba zai nuna masa dalili ba sai in ya san `lsattr`. In za a kashe a kashe shi da tsari, a rubuta a wani wuri cewa an kashe.

Malam Na Dilimi ya rubuta:

Salamu alaikum. Hajiya ta gama da ta farko ba abin da zan ƙara, bari in ɗauki ta Mint ɗin tunda mu nan kasuwa kullum sai an kawo mana irinta.

Yaro sunan da ka zaɓa ne matsalar. Ita `.local` ba taka ba ce, an ware ta ne wa wani tsari da ake kira mDNS, yana cikin takardar ƙa'idar intanet RFC 6762 ta shekarar 2013, shi ne wanda firinta da wayoyi ke amfani da shi su sanar da kansu a cikin gida ba tare da wata sabar DNS ba. Apple suna kiran nasu Bonjour, a Linux kuma Avahi ne. To ina zaton kai a tsohuwar rawutar ka rubuta cewa jarrabawa.local shi ne 192.168.1.10. Windows tana tambayar rawutar ta samu amsa. Mint kuwa buɗe `/etc/nsswitch.conf` ka dubi layin hosts, za ka ga wani abu kamar haka:

`hosts: files mdns4_minimal [NOTFOUND=return] dns`

Daga hagu ake karantawa. Ta duba `/etc/hosts` babu, ta yi kira a cikin gida ta mDNS ko akwai mai suna jarrabawa, ba wanda ya amsa, sai wannan abin na tsakiya ya ce a tsaya nan kar a ƙarasa wajen DNS. Ko da ma an ƙarasa, shi resolved ba ya tura sunan `.local` zuwa DNS na yau da kullum sai an gaya masa musamman. Ka gwada da kanka a ɗaya daga cikin masu Mint ɗin, `dig @192.168.1.1 jarrabawa.local` zai kawo maka lambar tsaf, amma `getent hosts jarrabawa.local` zai dawo wayam. Wannan bambancin yana rikita mutane sosai, su ce ai dig ya yi aiki me ya sa Firefox ya ƙi. Shi dig ba ya bi ta nsswitch ko kaɗan, kai tsaye yake zuwa. Abin da burauza ke gani getent ne ke nuna maka.

Shawarar Abba ta `/etc/hosts` za ta yi aiki, amma kwamfuta nawa gare ka? Duk wadda ka sake wa manhaja sai ka tuna ka sa, ranar da adireshin sabar ya canza sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni da ni ne sunan zan canza a rawutar ya koma jarrabawa.home.arpa, wannan `home.arpa` an ware shi ne musamman don cikin gida a RFC 8375. Akwai kuma `.internal` da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe a 2024 don irin wannan aiki, jarrabawa.internal ya ma fi sauƙin bugawa ga yara. Da Windows da Mint duk za su tambayi rawutar su samu. Kar dai ka ƙirƙiri wani suna mai ƙarewa da .com ko .ng wanda ba ka mallaka ba.

Abu ɗaya da kar ka manta, Moodle yana riƙe da sunansa a `config.php`, layin `$CFG->wwwroot`. In ba ka canza shi can ba, yaro zai buga sabon suna shafin ya jefa shi tsohon, ka dawo gidan jiya. Hotunan da ke cikin tambayoyi ma wasu na iya ɗauke da tsohon adireshin, ka buɗe 'yan tambayoyi masu hoto ka duba kafin Asabar ɗin. Sannan ka sa musu shafin ya zama shi ne farkon abin da burauza ke buɗewa, ba sai kowa ya buga komai ba.

Da ba don ka ce ba ka so yara su samu intanet ba da cewa zan yi ka zare 4G ɗin daga sabar ka soka a ramin WAN na tsohuwar rawutar, inda intanet ke shigowa, tunda ɗaya 192.168.8 ce ɗaya 192.168.1 ba za su yi karo ba, da ko netplan ba sai ka taɓa ba. Amma yadda kake so ɗin tsarin Hajiya shi ne daidai, kuma muddin `net.ipv4.ip_forward` yana kan sifili sabar ba za ta wuce da kowa waje ba.

Ɗan Anguwar Rogo ya rubuta:

Alhamdu lillahi! Anti, Baba Malam, Oga Abba, Allah ya biya ku. Na gyara netplan ɗin, `netplan try` ya karɓa, yanzu `ip route` layin default ɗaya ne tak, gwajin ukun duk sun amsa kuma kebul biyun suna soke. Na mayar da mahaɗin resolv.conf. Sunan kuma na sa jarrabawa.internal na gyara config.php, na gwada a Mint biyu da Windows ɗaya duk sun buɗe, har wata yarinya da ta zo da wuri na ce ta zauna ta gwada ta shiga ba tare da na taɓa mata ba.

Sai dai wani sabon abu, da safen nan bayan wuta ta dawo apt ya haɗu amma ya ce `Release file is not valid yet`, bayan ɗan lokaci na sake gwadawa kuma ya wuce. Ko akwai sauran abin da ban gyara ba a hanyar?

Malam Na Dilimi ya rubuta:

A'a wannan ba hanya ba ce, agogo ne. Sabar ta tashi da tsohon kwanan wata, apt ya ga fayil ɗin kamar daga gaba ya zo sai ya ƙi yarda da shi. Rawutar 4G tana ɗaukar lokaci kafin ta kama netwok bayan an kawo wuta, tana kamawa timesyncd ya saita agogon daga intanet, shi ya sa da ka sake ya wuce. Buga `timedatectl` ka ga ko ya ce agogo ya daidaita, yankin lokaci kuma ya zama Africa/Lagos. In kowane tashi sai ta ɓata lokaci to ƙaramin batirin kan madabod ne ya mutu, CR2032, mai kama da kwabo, duk mai gyaran agogo ko kwamfuta yana da shi. Ka canza shi kafin Asabar domin Moodle da agogon sabar yake buɗe jarrabawa yana rufewa, in ta tashi da kwanan da ba daidai ba yara za su zauna a ce musu lokacin gwaji bai yi ba. Ka kashe ta ka zare wuta kafin ka buɗe, bayan ka sa sabon kuma ka shiga BIOS ka duba saitin, har da wanda ke sa ta kunna kanta in wuta ta dawo, don cire batirin yana iya mayar da shi yadda ya zo daga kamfani.